Fanko a Tagar Shagon Tata

Litinin, 7 ga Oktoba

To, ta faru. Lovrić, wakilin kamfanin Suwizalan ɗin nan da muke sayar da agogunansa, ya zo da safe. Ya zauna a kujerar baƙi, ya shanye kofina tas, sannan ya buɗe baki. Daga ƙarshen shekara ba mu ba kayansu. Za su buɗe shagon kansu a nan Zagreb, a kan titinmu ma, wai don mai saye "ya ji shi a gida". A gida! Tun ina 'yar makaranta sunansu ke rataye a saman ƙofarmu, ashe duk a baƙunta muke.

Kusan duk cinikinmu nasu ne. Suna cire hannu, shago ya rufe ke nan, babu wani kwana-kwana.

Ban yi kuka ba. Ko shagon ma bai zo min a rai ba, Tata ne ya zo. Mahaifina, da hannunsa ya kafa wurin nan. Bayan bugun zuciyar da ya kwantar da shi a bazara, likita ta ja ni gefe ta ce, "Kada a tayar masa da hankali, ko kaɗan. In aka yi na biyu ba zai tashi ba." Tun daga ranar nake yawo da kwalbar ƙwayarsa a aljihu. Yau na riƙe ta har tafin hannuna ya jiƙe.

Talata, 8 ga Oktoba

Tata ya zo kamar kullum, gab da sha biyu, da hularsa da sandarsa. Ido ya tafi, hannun agogo ma ba ya gani, amma wannan aikin bai yarda ya sakar wa kowa ba. Ruža, ma'aikaciyarmu, ta fito masa da faifan agogunan taga, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya murza ɗan kan da ke gefe har sifirin ɗin ciki ya ɗauru ya ji ya yi tauri a yatsa, ya kai kunne, ya ajiye. Igwar hasumiya ta tashi kamar yadda take tashi kowace sha biyun rana, tantabaru suka watse, ni kuma na daidaita lokaci. Ya ce, "Duk suna da rai," ya tafi cin abinci.

Na bi shi da kallo har ya fita.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na gaya wa Ruža. Shekara da shekaru tana tsaye a bayan kantar nan, tun kafin na yi aure, tun kafin auren ya mutu. Ta fita ta sha taba, ta dawo ta ce, "Da ma na ga takalmin Lovrić ya cika ƙyalli." Daga nan sai, "Maigida fa?"

Na ce ba yanzu za a gaya wa Tata ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na kira Tihomir a Jamus. Ƙanena ne, amma in ya yi magana sai ka ce shi ya raine ni. "Kada ki kuskura ki gaya wa Tata, Jasenka. Ki bari a wuce Kirsimeti, in na zo sai mu san yadda za mu yi." Na ce kai daga can komai mai sauƙi ne, ba kai kake kallon fuskarsa kullum ba. Ya ce to ki gaya masa mana, in ya faɗi ki ɗauka. Na kashe wayar.

Amma shawararsa na bi. Don ita ce tawa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Asabar ce, gari ya fito shan kofi, kowa ya ci ado, shago cike. Ba a sayi ko maɗauri ba.

Wani saurayi ya sa na fito masa da kusan rabin taga. Ya ɗaura, ya ɗaga hannu, budurwarsa ta ɗauki hoto. Sannan ya nuna min wayarsa, wai ga shi can wani yana sayar da irinsa na hannu, da rahusa. Da suka fita Ruža ta ce, "Mu fara karɓar kuɗin hoto mana, ko na burodi ma samu."

Haka abin ya koma. Mai kuɗin gaske jirgi yake hawa ya sayo a waje. Mai son sanin lokaci yana da waya. Agogon da kowa ke nema, kamfani ba ya aiko mana sai jefi-jefi, wanda ba ya tafiya kuma su jibgo mana dole. Ga haya, ga inshora, ga mai gadi. Su kamfanin suka tilasta mana muka fasa daɓe muka shimfiɗa marmara, muka sa kujerun fata, wai martabar sunansu. Yanzu sun ɗauke sunan sun bar mu da marmara. Sai mu dafa mu ci.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Sun fara kwashe kayansu, kaɗan-kaɗan, don su cika sabon shagon. Amma yarjejeniya ta ce tagarmu ba za ta zauna wayam ba har ranar ƙarshe. Saboda haka duk wanda suka ɗauka sai su bar madadinsa: agogon nuni. Fuska ɗaya, maɗauri ɗaya, har nauyi ɗaya don sun cusa ɗan dunƙulen ƙarfe a ciki. Inji ne kawai babu.

Ruža ta jijjiga ɗaya ta ce, "Fanko ke nan." Sai muka kalli juna. Gobe Tata zai ɗauke shi ya murza.

Na ce mu ɓoye su. Ta ce ya san yawan gurbin faifan nan fiye da yawan haƙoransa, in ya lalubo rami zai tambaya. Gaskiyarta.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Wayyo Allah.

Ya zo kan fanko na farko. Ya murza. Ya sake murzawa. Kan agogon sai juyawa yake sako-sako, babu abin da zai ɗauru. Ya kai kunnen dama, ya daɗe. Ya mayar hagu. Hannuna na cikin aljihu, na riga na buɗe murfin kwalbar da babban yatsa. Sai ya ajiye shi a hankali a gurbinsa ya ɗauki na gaba.

Igwa ta tashi. Ya ce, "Duk suna da rai." Ya tafi.

Bai gane ba! Na shiga bayi na zauna a kan murfi ina godiya ga Allah. Da na fito Ruža ta yi min wani kallo da ba na alheri ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Ranar ziyarar matattu. Mun kai wa Mama furanni da kyandir, maƙabarta cike kamar kasuwa. Tata ya ce shi zai kunna. Ashana ta faɗi daga hannunsa, sanyi ne, kowa hannunsa ya ƙage. Amma sai ya tsaya yana murza yatsunsa a jikin kwat, yana murzawa, har na karɓa na kunna.

Da za mu tafi ya dafa dutsen ya ce, "Zlata, ki fara matsawa gefe." Na ce Tata wace irin magana ce wannan. Ya ce wasa yake yi da matarsa, ina ruwana.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Sun ƙara kwashewa. Yanzu kusan rabin faifan fanko ne.

Talata, 12 ga Nuwamba

Tata ba ya cin abinci. Na yi masa miyar wake da tsiran alade yadda yake so, ya juya cokali ya ture. Wandonsa ya fara zamewa. Na kira likita, ta ce magungunan ne wataƙila, a sa ido. Ina sa ido! Ido nawa gare ni?

A shago kuma ya daina cewa duk suna da rai. Yana murzawa, yana ajiyewa, da sauri-sauri, kamar mai son ya gama a rabu da shi. Fankon ma ba ya kai su kunne yanzu.

Tsoro nake ji. Na shiga ɗakinsa da rana yana barci, na tsaya ina kallon bargo ko yana motsi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun yi faɗa da Ruža, na farko mai zafi a tsawon zamanmu. Ta ce, "Tsohon nan ba yaro ba ne. Kina ba shi abin wasa yana murzawa a gaban mutane, ni kunya nake ji." Na ce in ya faɗi ke za ki tashe shi? Ta ce, "Ke dai kanki kike ji wa tsoro." Na ce ta riƙe bakinta, albashi nake biyanta ba shawara ba.

Tir da ni. Da yamma na sayo mata kek ɗin cuku na ajiye a kan kanta. Ta ci, amma ba ta kalle ni ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Ina yanke masa farce na ga ɗigo-ɗigo ja a kan yatsunsa, babban yatsa da manuni. Kamar sukan allura. Na tambaya, ya fizge hannunsa ya ce ƙaya ce. Ƙayar me, a hawa na uku?

Litinin, 25 ga Nuwamba

Na gaske kaɗan suka rage a faifan. Lovrić ya leƙo yana murmushi, wai sabon shagon "ya yi kyau ba kaɗan ba", in zo buɗewa. Allah ya kiyaye ban jefe shi da fanko ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Bai zo ba.

Ruža ta fito da faifai, muka jira. Igwa ta tashi, kujerarsa babu kowa. Tunda nake ban taɓa jin ƙarar nan babu shi a gabana ba, sai lokacin da yake asibiti. Na kira gida, shiru. Na fita ko kwat ban ɗauka ba, na yi gida da gudu, ni da shekaruna, mutane na kallona. Ba ya nan. Baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza tana rataye a ƙofar kabad, an goge ta. Da na gan ta na juya na fita nemansa.

A tashar tiram, jirgin ƙasan cikin gari, na same shi, zaune a benci, hula a gwiwa. Wai asibiti ya je shi kaɗai, wajen likitan jijiya, suka ce sai da takardar turawa, suka sallamo shi.

Na zauna. Sannan ya miƙo min hannuwansa ya ce, "Sun mutu, 'yata."

Ya ce wata guda ke nan. Da farko guda biyu ne bai ji ba: ya murza, yatsa bai ji taurin sifirin ba, ya kai kunne, shiru. Ya ce wataƙila gajiya. Mako na gaba suka ƙaru. Yanzu kusan duka. "Kullum gaba yake yi. Agogon aljihuna ina jinsa, wannan ai sifirin ɗin jaki ne. Siraran ne suka ɓace min." Shi ya sa yake soka allura, ya ga ko akwai sauran ji. Ya ce haka maigidansa Ferdo ya yi, wanda ya koya masa sana'a: siraran agogo suka fara ɓace masa, kafin bazara ɓarin jiki ya shanye, aka binne shi. "Ban so in gaya miki ba. Ke da abin tsoro ba ya miki wuya."

Ni yake ɓoye wa. Ni!

Ban faɗa ba. Na kama hannunsa muka hau tiram.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

In na faɗa, zuciyarsa. In na yi shiru, yana kashe kansa da yunwa a kan ciwon da ba shi da shi, ciwon da ni na ɗora masa. Na kira Tihomir, ya fara "ki bari dai", na ce rufe min baki.

Gobe.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Na roƙe shi ya zo shagon, ya ce me zai yi a can, na ce ko don Ruža. Ya zo. Na sa aka juya allon ƙofa ya nuna a rufe muke. Ruža ta tsaya kusa da waya, na ce mata in na ɗaga hannu ta kira motar asibiti. Kwalbar na ajiye ta a fili a kan kanta, a buɗe.

Na ɗauko fanko ɗaya, na ɓalle bayansa da 'yar wuƙarsa ta dā, na kama manuninsa na sa a ciki. Ya lalubo. Dunƙulen ƙarfe, sumul. Ya zagaya da yatsa, ya sake zagayawa.

"Ina injin?"

Na ce babu. Na faɗa masa duka, a tsaye, muryata kamar ba tawa ba. Lovrić, sabon shago, ƙarshen shekara, fanko. Na ce ni na sa aka bar su a faifan. Ina magana ina kallon leɓensa ko zai canza launi.

Ya buɗe tafin hannu ya ce, "Ba ni na gaske. Mafi siranta."

Ruža ta kawo. Ya murza, a hankali, a hankali. Na ga inda yatsansa ya tsaya da kansa. Ya kai kunne. Ya rufe ido. Ban san tsawon lokacin da muka tsaya ba.

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗaga hannu, Ruža ta ɗauki waya, ashe dariya yake! Dariya har da hawaye, yana buga sanda a kan marmara. "Shagon ne ya mutu? Shagon kawai? Ja'irar yarinya! Na goge kwat ɗin jana'iza saboda gwangwani!" Ya juya wajen Ruža ya ce, "Ke ma da ke a ciki, tsohuwar banza?" Ta ce, "Maigida, ni na faɗa mata, ta ce albashi take biyana."

Igwa ta tashi muna haka. Ba wanda ya daidaita komai. Ya ce yunwa yake ji.

Ni kuma na zauna a kujerar baƙi na yi kukan da ban yi ba tun Oktoba.

Lahadi, 1 ga Disamba

Ya ci nama naɗe da kabeji faranti biyu. Amma ba ya min magana. Dariyar ta wuce, fushin ya iso.

Talata, 3 ga Disamba

Yau ya tanka. Ina wanke-wanke ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Kin binne ni da raina, Jasenka. Likita ta ce zuciyata ta yi rauni, ba ta ce na koma jariri ba." Na ce na ji tsoro ne. Ya ce ya sani, shi ma tsoron ya ji, ga inda ya kai mu.

Na tambaye shi shagon fa, bai dame shi ba? Ya ce ya dame shi mana, kada in raina masa hankali. Amma wai shi ya yi makokinsa tuntuni, tun ranar da kamfani ya sa muka ɗauke teburin gyara daga gaba muka kai shi ɗakin baya don a sa kujerun fata. "Dā mutum zai kawo agogon ubansa a gyara, ya dawo, ya sake dawowa, wata rana ya saya wa ɗansa. Da muka ɓoye teburin, mun zama masu riƙe wa wani kaya. Mai kaya kuwa ya zo ya karɓa."

Duk da haka na ji shi yana ta juyi a ɗaki da rana, ya ƙi barci. Na tsaya a bakin ƙofa da kwalba a hannu. Ban shiga ba.

Litinin, 16 ga Disamba

Yana zuwa kullum. Na gasken da suka rage yake murzawa, fankon kuma ya ƙwanƙwasa musu farce ya ce, "Sannu, malalaci." Lovrić ya shigo, Tata ya miƙa masa ɗaya ya ce ya kai wa iyayen gidansa, ya yi kama da su. Na so ƙasa ta tsage. Ruža ta shige ɗakin baya tana tari.

Har yanzu ina tsoron ranar rufewa. Faɗa daban, gani daban.

Talata, 31 ga Disamba

Mun rufe. Tata ne ya ce sai an jira igwa. Ta tashi, ya murza mukulli da hannunsa, ya ba ni. Fuskarsa ta yi fari, na gani, ya jingina da Tihomir har bakin tiram. Teburin gyara kawai ya ce a kai masa gida. Ruža ta sumbace shi a kumatu biyu ta ce ya aske gemu.

Ya kai gida da ƙafarsa.

Alhamis, 23 ga Janairu

Teburin ya cinye rabin falo. Maƙwabta sun gano, ana ta kawo masa tarkace, agogon bango, agogon tashi, har da na wata mata da ya faɗa cikin miya. Shi yana lalube yana ba da umarni, ni ce idonsa. Wai hannuna kamar na mai yankan nama. Na ce to ya nemi wata.

Da safe na bi ta gaban shagon. Sun sauke sunanmu, za a sayar da rigunan waya. Muna cin abinci na gaya masa, haka kawai, da loma a bakina. Ya ce Allah ya ba su ciniki, miƙo gishiri.

Sai da nake kwashe kwanuka na tuna ban taɓa aljihuna ba. Na laluba, babu kwalbar. Tana cikin kwat ɗin da na kai wanki, ban ma san tun yaushe ba. Zan karɓo gobe. Ko jibi, in na bi ta wajen.